In aure ya mutu, ina rabon mace cikin fanshon miji?

A jihar Agadas gidaje da yawa suna cin abinci da kuɗin fansho. Ba cikin birni kaɗai ba. Akwai su a Timiya, da Iferwan, da Tabelot, da Ingal, har cikin zangon makiyaya. Dalilin sananne ne. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da ƙarfen uraniyom a Arlit cikin shekarar 1971. COMINAK ya biyo baya a Akokan a 1978. SONICHAR kuma, mai haƙar gawayin ƙasa kusa da Cirozerin, an kafa shi a 1975. Cikin shekarun nan ne fari ya cinye dabbobi, na 1973 da na 1984. Samari da yawa da suka rasa raƙuma da awaki sun aje sanda, sun tafi neman aikin albashi. Wasu sun zama masu gadi, wasu direbobi, wasu masu shiga rami.

Yau samarin nan sun tsufa. Wasu sun koma garka suna noman albasa. Wasu sun sayi ƴan bisashe sun koma daji. Wasu kuwa Allah ya yi musu rasuwa. COMINAK ma ya rufe ƙofa ranar 31 ga watan Maris 2021. Abin da ya rage ga iyalai da yawa shi ne fansho.

Amma aure yana mutuwa. Mace takan yi shekara 20 ko 30 a ɗakin ma'aikaci. Ita ta dafa, ita ta yi wanki, ita ta yi jinya, ita ta yi renon yara. Ran nan sai a miƙa mata saki. To, tana da wani abu cikin fanshon nan? In mutumin ya rasu fa? Ƴaƴanta fa? Mata da yawa ba su jin amsa sai ranar da suka tsaya gaban tagar ofis da takarda a hannu. Ran nan kuwa gyara yana da wuya.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Fansho ba kyauta ba ne, ba sadaka ba ne. Ya yi kama da adashi. Ma'aikatan kamfanoni suna zubi cikin Asusun CNSS, wanda aka kafa a 1965. Cikin kowace jaka 10 ta albashi, ana cire wa ma'aikaci dala 105, wato sefa 525. Kamfani ya ƙara dala 125, wato sefa 625. Ba a aje kuɗin kowa cikin tukunya dabam. Zubin masu aiki yau, da shi ake biyan tsofaffin yau. Mutum yana samun fansho in ya kai shekara 60, kuma zubinsa ya cika wata 180, wato shekara 15.

Cikakkun ma'aikatan gwamnati da sojoji ba nan suke ba. Su nasu asusun dabam ne, da dokarsa dabam. Tun 1961 yake, kuma a 2012 aka kafa hukumar CARENI don ta kula da shi. Matar da mijinta ma'aikacin gwamnati ne, can za ta kai tambayarta. Bayanin da ke biye na CNSS ne, don nan ne ma'aikatan Arlit da Akokan da Cirozerin suka yi zubi.

Manomi da makiyayi da madugun ayarin Bilma ba su cikin wannan adashi, sai in sun taɓa aikin albashi aka rubuta sunansu. Haka mai haƙar zinariya a Jado, inda aka yi rububi tun 2014. Wanda ba a rubuta shi ba, ba shi da fansho, balle a yi gardamar rabonsa.

Muddin mijin yana da rai

Nan magana gajera ce. Fansho yana fitowa da sunan wanda ya yi aikin. Saki ba ya rage shi, ba ya tsaga shi biyu. Matar da aka saki ba ta iya zuwa Asusu ta ce a yanka mata rabi, ko da ta yi shekara 40 a gidan.

Dokar tana aiki ga mace kamar yadda take aiki ga namiji. Macen da ta yi aikin albashi da kanta, ko sakatariya ce, ko ungozoma a asibitin kamfani, ko mai shara, fanshonta nata ne. Da aure ko ba aure, ba mai taɓa shi.

Sai dai saki ba ya sauke wa uba nauyin ƴaƴansa. Ci da sha da tufafi da magani suna wuyansa. In ya ƙi, uwar yara tana iya kai ƙara gidan shari'a. Alƙali ya duba abin da mutumin yake samu, har da fanshon, ya yanke abin da zai riƙa bayarwa. Akwai wani ruɗani da ya kamata a sani. Cikin takardun Faransanci, kalma guda ce ake kiran kuɗin tsufa da kuɗin ciyar da yara. Sai a karanta wa mace takardar kotu, ta ji kalmar, ta zaci an ba ta rabo cikin fansho. Ba haka ba ne. Kuɗin ciyarwa ne, na yara ne, kuma daga aljihun uba yake fitowa.

In ya rasu

Nan ne maganar ta yi nauyi. In mai fansho ya rasu, ko ma'aikacin da zubinsa ya cika, Asusu yana ci gaba da biyan iyalinsa. Matar mamaci tana samun rabin fanshon. In matan sun fi ɗaya, rabin nan ne ake raba musu daidai wa daida. Ba a ce wannan uwargida ce, wannan amarya ce. Kowane maraya da ya rasa uba yana da kashi 25 cikin 100. Wanda ya rasa uwa da uba, kashi 40. Amma in an haɗa duka, ba za su wuce fanshon mamacin ba. In marayun suna da yawa, sai a rage, a daidaita.

Wace ce matar mamaci a idon Asusu? Ita ce wadda mutuwa ta tarar da igiyar aure a kanta. Ana kuma duba ko auren ya kai shekara guda kafin rasuwar. Wadda aka saki, ta gama idda, ba ta ciki. In matar mamaci ta sake aure, nata rabon ya tsaya.

Ga misali don a gane. A ɗauka wani tsohon direba yana karɓar jaka 60 a wata. Ya zauna da uwargidansa shekara 28. Bayan ya bar aiki ya sake ta, ta koma gidansu da ƙananan ƴaƴanta 2. Ya rage da mata 2, ɗaya ta shekara 10 a gidan, ɗaya ta shekara 2, ba su haihu ba. Sai ya rasu. Rabin jaka 60 jaka 30 ne. Matan nan 2 kowace ta ɗauki jaka 15. Yaran nan 2 kowane jaka 15. An cika jaka 60. Uwargidan da ta yi shekara 28 ba ta da ko dala da sunanta. Amaryar shekara 2 kuwa tana karɓa har ranar da ta yi wani aure, ko har ƙarshen ranta.

Duk mai adalci ya ji wannan lissafi zai yi shiru. Shekarun da aka yi zubin nan, uwargida ce ke tashi da asuba tana hura wuta don mutum ya tafi aiki. Amma doka ba ta ƙidaya shekarun zama ba. Ranar mutuwa kaɗai take dubawa.

In zubin mamacin bai cika wata 180 ba, ba a biyan fansho na kullum. Ana ba da kuɗi dunƙule sau ɗaya. Nan ma matar da ke ɗaki ake nema, ba wadda ta fita ba.

Fansho ba gado ba ne

Ƴan uwan mamaci sukan ce a kawo kuɗin fansho a zuba cikin gado, a raba tare da raƙuma da gida da garka. Wannan kuskure ne. Gado shi ne abin da mutum ya mallaka ya bari. Shi malamai suke rabawa bisa shari'a: mata su sami tumuni in akwai ƴaƴa, ko rubu'i in babu. Fanshon matar mamaci da na marayu ba dukiyar da ya bari ba ce. Hakki ne da dokar ƙasa ta ba su da sunansu, bayan mutuwarsa. Wa ko ƙanen mamaci ba shi da rabo ciki. Babban ɗa mai gemu ma haka.

Masu dangi a Kano ko Katsina sukan ce ai can ba haka ake yi ba. Gaskiyarsu. A Najeriya, tun dokar 2004, kowane ma'aikaci yana da asusunsa na kansa, kuma abin da ya rage ciki magadansa ake ba. Tsarin Nijar dabam ne. Kada a ɗauko hukuncin can a kawo nan.

Sakin baki da sakin takarda

Yawancin rigimar da ake yi ba daga dokar take tasowa ba. Daga takarda take tasowa. A ƙauye da daji, aure fatiha ne da sadaki da shaidu. Saki kuma kalma ce daga bakin miji, ko ƴar wasiƙa da malam ya rubuta. Ga addini wannan ya isa. Amma ma'aikacin Asusu bai halarci ɗaurin auren ba, bai ji sakin ba. Abin da ke cikin fayil shi yake gani.

Ga yadda abin yakan kasance. Saurayi ya kama aiki a Arlit. Don ya sami kuɗin yara da ake ba ma'aikata, ya yi takardar aure, ya kai sunan matarsa ta fari. Shekaru suka wuce, suka rabu da baki, ba wanda ya je gidan shari'a. Ya auri wata a ƙauye, an shafa fatiha, ba a yi takarda ba. Suka yi shekara 15 tare, ita ta yi jinyarsa har ya cika. Ran da aka buɗe fayil, sunan ta fari ke ciki. Ta biyun, wadda ke zaman takaba, ba a san da ita ba.

Yanzu an sami mata biyu cikin wahala. Ta biyun sai ta je gidan shari'a da shaidu, ta nemi hukuncin da zai tabbatar da aurenta. Daga Timiya ko Ingal zuwa Agadas akwai kuɗin mota, da na abinci, da na masauki, ita da shaidunta. Kafin a gama, watanni sun wuce, tukunya ba ta hau wuta ba. Ta farin kuma wani zai zo ya rarrashe ta, ya ce ai sunanki ne a rubuce, je ki karɓa mu raba. Kada ta yarda. Cikin takardun da ake nema akwai shaidar cewa ba a sake ta ba, kuma ba ta sake aure ba. Wadda ta sa hannu kan ƙarya, da shaidun da suka tsaya mata, sun ɗauki laifi gaban hukuma, ga kuma hakkin wata a wuyansu. In asiri ya tonu, sai an biya abin da aka ci.

Akwai kuma juyin wannan. Mace tana ɗakinta, ba a taɓa sakinta ba. Miji ya rasu. Sai kishiya ko dangin miji su ce ai ya sake ta tun bara, don rabon ya ƙaru. Sau da yawa abin da ya faru yaji ne. Ta yi fushi ta tafi gidansu, ba a kai ga biko ba mutuwa ta zo. Yaji ba saki ba ne. Mace ko ta shekara a gidan ubanta, in miji bai furta saki ba, alƙali kuma bai raba auren ba, matarsa ce. Wanda ya ce an yi saki, shi zai kawo shaida. Macen da ke riƙe da takardar aurenta ta fi ƙarfin tsayawa a wannan rana.

Haka matar da mijinta ya tafi Libiya ko Aljeriya ya daɗe ba labari. Tana da ikon zuwa gaban alƙali ta nemi a raba auren, don rashin ci da sha cuta ne. Ba mai zarginta. Sai dai ta sani, in mijin tsohon ma'aikaci ne mai zubi a Asusu, ranar da aka raba auren ta fita daga lissafin matansa. Wadda ta fanshi kanta da hul'i, ta mayar da sadaki, ita ma haka.

Wa ke ba da takardar saki? Sarkin Abzin da alƙalin fadarsa, da sarakunan ƙauyuka da na makiyaya, da malamai, suna da babban aiki. Su ne masu sulhu, kuma aure da yawa a hannunsu yake tsira. Abin da aka rubuta a fada ko a zauren malam shaida ce mai amfani, a adana ta. Amma takardar da ofisoshin hukuma suke aiki da ita, daga gidan shari'a take fitowa. Akwai babbar kotu a Agadas, akwai a Arlit. Kada a ji tsoron wai za a yi hukunci da dokar Nasara. Tun dokar 1962, sha'anin aure da saki da gado ana yanke shi ne bisa al'adar masu shari'ar. Dokokin 2004 da 2018 da suka biyo baya sun bar abin haka. Alƙali yana zama da mataimaka masana al'ada da addini. Ya tabbatar da sakin, ya rubuta ranarsa, ya yanke maganar riƙon yara da ciyar da su.

Mutuwa cikin idda

Malaman Malikiyya sun yi bayanin wannan filla-filla. Iddar saki tsarki 3 ce. Mai ciki kuwa sai ta haihu. In saki ɗaya ne ko biyu, wanda ake iya kome, mace tana nan matar mijinta har idda ta cika. Ciyarwarta da wurin kwananta suna kansa. In ya rasu cikin kwanakin nan, tana gadonsa, kuma ta koma takaba, wata 4 da kwana 10.

Saboda haka ranar saki ba abin wasa ba ce. Kwana 10 suna iya raba mace da hakkinta, ko su tabbatar mata da shi. Macen da mutuwa ta tarar cikin iddar sakin kome, kada ta tattara kayanta ta yi shiru don kunya. Ta sa waliyyinta ya kai maganar gidan shari'a tun shaidu suna tune da ranar. Alƙali ne zai rubuta matsayinta, da wannan rubutu za ta tunkari Asusu.

Akwai kuma mai saki kan gadon ciwo, don ya hana mace gado. Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukan malamai, ya toshe wannan hanya: in ya mutu cikin ciwon nan, tana gadonsa. Wannan hukuncin gado ne. Maganar fansho kuwa, tun da dokar ƙasa ce ke tafiyar da ita, sai an bi ta gaban alƙali.

Mai kome shi ma ya kula. In ya mayar da matarsa cikin idda, auren farko ne ke ci gaba, amma ya sanar da shaidu. In an riga an rubuta sakin a kotu, ya koma a rubuta komen. In kuwa idda ta cika, sai sabon ɗaurin aure da sabon sadaki. Sabon aure yana son sabuwar takarda.

Yara ba su da saki

Ko an saki uwa, ɗa ɗa ne. Rabon maraya ba ya faɗuwa don uwarsa ta bar gidan, ko don ta yi wani aure. Ana biya har yaro ya tasa. In yana makaranta, ana ci gaba har shekara 21, muddin ana kai shaidar makaranta. Ga dalili guda na barin yarinya ta ci gaba da karatu.

Wa zai karɓi kuɗin? Bayan rasuwa dangi suna zama, su zaɓi mai riƙon marayu, a kai gidan shari'a a tabbatar. A nan ake cutar matan da aka saki. Ba a kiransu zaman, don an ce sun zama bare. Sai a rubuta sunan wani baffa. Kuɗi suna shiga aljihunsa a birni, yara suna can daji wurin uwarsu ba ko sabulu. A Malikiyya uwa ce ta fi cancantar renon ɗanta, namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji, sai in uwar ta yi wani aure ko an sami wani dalili. Al'adar wurare da yawa kuwa tana mayar da yaro gidan uba in ya kai shekara 7. Ko wanne aka bi, kuɗin maraya ya kamata ya bi marayan inda yake kwana. Uwar da yara ke hannunta tana da ikon zuwa ta gaya wa alƙali haka. Kuma yaron da ba shi da takardar haihuwa mai sunan ubansa, Asusu ba ya ganinsa.

Tanti na mace ne, fansho na miji

A al'adar Abzinawa mace ba ta fita aure hannu wofi. Tanti nata ne, uwarta da danginta suka yi mata. Tabarmi da gado da kayan ɗaki nata ne. In aure ya mutu, namiji ne ke ɗaukar takobinsa da sirdinsa ya bar wurin. Dabbobinta suna nan da shaidarta. A duwatsun Abzin akwai ma dukiyar da ake keɓe wa mata, awaki ko raƙuma ko itatuwan dabino, wadda ake kira nono mai rai. Ba a sayarwa, ba a rabawa, mata da ƴaƴansu mata suke cin amfaninta. A ƙasar Hausa ma akuyar mace da ɗan abin sana'arta nata ne, miji ba shi da iko da su.

Kakanni sun yi wannan tsari don sun san aure yana mutuwa. Amma aikin albashi ya zo da wani sabon abu. Matar ma'aikaci ta bar tanti ta shiga gidan kamfani. Ba wurin kiwo, garkenta ya watse ko fari ya cinye. Dukiyar gidan duka ta koma albashi, albashi kuma da sunan mutum guda. Ran da aka sake ta, ba tanti, ba garke, ba fansho. Tsohuwar kariya ta tafi, sabuwa ba ta zo ba.

Wasu ƙasashe sun ga wannan rami sun cike shi. A Jamus, tun 1977, in aure ya mutu ana raba hakkin fanshon da aka tara cikin shekarun auren tsakanin miji da mata. A Faransa, tun 1978, matar da aka rabu da ita tana da rabo cikin fanshon mamaci, gwargwadon shekarun da ta yi da shi. Da can ne, uwargidan misalin nan mai shekara 28 ita za ta ɗauki kaso mafi girma. Wannan ya shafi duk macen da tsohon mijinta ya yi aiki a Faransa ya yi zubi can, sai ta bincika. A Amurka ana ba ta in auren ya kai shekara 10. Ingila ta fara raba fansho wurin saki a shekarar 2000.

A Nijar ba a kai nan ba. Ƙasar ba ta da kundin dokar iyali guda. An yi yunƙuri wajen 1993, an sake yi a 2011, duka biyu ƙungiyoyin addini suka ƙi, aka janye. Amma gyaran dokar fansho ba sai an jira wancan ba, don ba ta taɓa hukuncin aure ko na gado. Kafin a yi, akwai abin da ke hannun miji. Addini ya kwaɗaitar da mai saki ya yi wa matar kyautar sallama gwargwadon ƙarfinsa. Mai fansho da ya rabu da matar ƙuruciyarsa yana iya ba ta ɗaki, ko ƴan awaki, ko wani yanki na garka, gaban shaidu, a rubuta. Abin da aka ba ta aka damƙa mata tun yana da lafiya, magada ba su karɓe shi.

Abin da za a tanada

Dokar 2019 ta ba da kwana 60 don a sanar da haihuwa, da aure, da rasuwa. Sanarwar kyauta ce. Ana yin ta a ma'aikatar magajin gari, da wuraren sanarwa na ƙauyuka da na makiyaya, da gidajen likita. Wanda ya wuce kwana 60 bai rasa ba, amma sai ya bi ta gidan shari'a da shaidu. Lokaci lokaci alƙalai suna fita ƙauyuka su yi zaman ba da takardu. In an ji sanarwa a rediyo ko bakin mai gari, a je, ko auren ya shekara 30.

Ma'aikaci da mai fansho su je ofishin CNSS su ce a duba musu fayil. Sunan wace mata ke ciki? Yara nawa? In an yi saki, a kai takardarsa. In an yi sabon aure, a kai tasa. Mace kuma ta riƙe kofin takardar aurenta da na haihuwar ƴaƴanta a wurinta, ba cikin akwatin miji kaɗai ba. Ta san lambar mijinta ta Asusu. In ta iya rubutu, ta rubuta lambar da ranar aurenta cikin littafinta na karatun manya. In an sake ta, ta rubuta ranar, da sunan waɗanda suka ji.

Ranar neman fanshon mamaci, ana tambayar takardar rasuwa, da ta aure, da ta haihuwar kowane yaro, da ta zaman dangi, da shaidar rashin saki da rashin sabon aure, da shaidar makaranta ga yara manya. Kada a bar abin ya daɗe bayan takaba, don jinkiri yana sa a yi asarar kuɗin wasu watanni.

A duba rubutun suna da kyau. Mace guda takan zama Fatima a wannan takarda, Fatimata a waccan, Fati a ta uku. Sunayen Abzinawa da na Fulani sun fi shan wannan wahala, don kowane magatakarda da yadda kunnensa ya ji. Shekarar haihuwa ma takan bambanta. Harafi guda yana iya tsayar da fayil wata da watanni. Wanda ya ga saɓani ya kai gidan shari'a a gyara tun mai sunan da shaidunsa suna raye.